Soson da Baba Ya Wanke

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana aiki a gidan ruwa kafin ya yi ritaya, kuma a gidansa ba a gardama da shi a kan ruwa. In ya ɗaga kofi ya duba a hasken taga ya ce a zubar, to zubarwa ake yi. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta fi kowa yarda da shi. Tun tana ƙarama ba ta da magana sai "Baba ya ce", har malamanta suka gaji da ji.

Sai ta auri wani mai gwajin jini a asibiti, siriri, mai ladabi har ya yi yawa, wanda Baba ke kira Mai Tabarau in ba ya wurin. Ba a yi wata uku ba bakinta ya koma "shi ya ce". Baba bai ƙi yaron ba, Allah ya sani. Kishi ne zalla ke cinsa, irin wanda dattijo ba ya iya faɗa wa kowa, ko da matarsa ce.

Wata Litinin da safe ya je gyara musu famfon kicin da ke ɗiga, sai ya tarar da sabon tankin gilashi a falo, da kifaye shida a ciki. Auta ta ja shi gaban tankin tana rawar jiki.

"Baba, ka ga wancan mai gashin bakin, da ke zagaye ƙasa yana duba komai? Sunanka na sa masa."

Ya ji daɗi har ya murmusa, amma da ya ɗaga murfin matatar da ke maƙale a jikin tankin sai murmushin ya gudu. Wani soso ne a ciki, baƙi-baƙi, mai yauƙi, kamar wanda aka tsinto a kwata.

"Wannan ƙazantar fa?"

"Kai, Baba, kar ka taɓa! Daga tsohon tankin abokinsa maigidan ya karɓo shi. Shi ya ce kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, ita kuma guba ce, tana ƙona musu wurin numfashi. Sabon tanki ba shi da ƙwayoyin da ke cinye ta. Suna cikin wannan soson."

"Ƙwayoyin cuta kike kiwo kenan?"

"Masu amfani ne, Baba. Shi ya ce..."

Ta ɗauki jakarta ta tafi aiki, ta bar masa makulli. Baba ya ɗaure famfon cikin minti goma, amma ya kasa fita. Wai shi za a koya wa ruwa? Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna kulorin don ya kashe irin waɗannan ƙwayoyin? Ya naɗe hannun riga, ya ciro soson, ya tara shi a famfo yana cuɗawa yana matsewa har ya yi fari tas. Ya kwashe tsakuwar ƙasan tankin ma ya ɗauraye, ya ciko ruwa kai tsaye daga famfo, ya ƙara wa kifayen abinci don ya ga kamar ana barinsu da yunwa. Ruwan ya yi garau. Ya tafi gida yana jiran waya, yana ma shirya yadda zai ce ba komai in ta fara godiya.

Wayar ta zo ranar Alhamis, Auta tana kuka.

Ya tarar da kifayen sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, mai gashin bakin kuma ya kife a ƙasa, cikinsa a sama. Mai Tabarau ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji, ya girgiza. Ruwan da ya kamata ya tsaya rawaya ya rikiɗe ya zama kore shar, alamar gubar ta yi yawa. Sannan ya ɗaga murfin matatar. Ya daɗe yana kallon farin soson, ya gyara zaman tabaransa, bai ko dubi inda Baba yake ba.

"Laifina ne," in ji shi. "Ni na wanke, na sha'afa."

"Kai? Kai da ka hana kowa taɓawa?" Auta ta hau shi da faɗa.

A nan ne Baba ya ji abin da har yau yake jin kunyarsa: daɗi ya ji. Yana tsaye a kan gawar takwaransa, yana sauraron ana wanke surukinsa tas, wani sanyi na ratsa ƙirjinsa.

Da ƙura ta lafa, Mai Tabarau ya russuna. "Baba, ku kuka san kulorin. Sai mun riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum, amma na famfo zai sake kashe ƙwayoyin. Ya za mu yi?"

Baba ya gyara murya. Ya ce a tara ruwan a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya sha iska, a ɗiga masa maganin kashe kulorin don a tabbatar, kuma shi zai riƙa zuwa da kansa. Haka aka yi. Aka sake roƙo wani ƙazamin soson, aka hana kifayen abinci kwana biyu, daga nan sai ɗan kaɗan sau ɗaya a rana. Kullum da hantsi Baba na hawa benen gidansu, gwiwa na ƙara, ya zuƙe ruwa da tiyo, ya zuba sabo a hankali. Koren kwalbar ya riƙa dusashewa. Auta kuwa ta dawo da "Baba ya ce", shi kuma yana sha kamar mai ƙishirwa, duk da abin na tsaya masa a wuya.

Rana ta goma sha ɗaya kwalbar ta fito rawaya. Kifaye biyar na yawonsu a tsakiyar ruwa. Mai Tabarau yana wurin aiki, Auta na tsalle tana cewa Baba ne ya cece su. Ya ajiye bokitin. Ya kasa ci gaba da haɗiyewa.

"Auta, ba mijinki ya wanke soson nan ba. Ni ne."

Ya jira ta ɓata rai, ko ta yi kuka, ko ma ta yi masa irin faɗan da ta yi wa wancan. Da ya fi masa sauƙi. Sai ta yi 'yar dariya, ta ci gaba da ɗauraye kwalbar.

"Ai na sani, Baba. Tun kafin in kira ka ranar Alhamis muka gani, wa ke wanke abu ya yi fari haka in ba kai ba? Faɗan ma shiryawa muka yi. Shi ya ce kar mu bari ka ji kunya."