Matakala Uku

Ni tela ce, kuma tela ba ta yarda da ido sai ta sa tef. Shekara ashirin ina auna kafaɗa da ƙugu, na ga matan da za su rantse miki ba su ƙara ƙiba ba alhali tef yana nuna inci biyu. Shi ya sa ranar da na shiga kangon gidanmu na ga kamar ƙofar banɗaki ta fi yadda na santa faɗi, ban tambayi kowa ba. Na zaro tef daga jaka. A zanen gidan inci talatin aka rubuta, a jikin bango kuwa talatin da shida na samu.

Kafin a ce na cika fitina, bari a ji abin da gidan nan yake a wurina. Ni da Malam, mijina, gidan haya bakwai muka zauna cikin shekara goma sha shida. Akwai wanda mai gidan ya ce mu tashi ina jego. Akwai wanda ruwa ya shigo mana har na fita da katifa a ka. Na yi wa kaina alkawari sai na kwana a ɗakin da ba mai buga min ƙofa ya ce in kwashe kayana. Malam yana koyar da lissafi a sakandare, ni ina taka keke, a haka muka sayi fili muka fara ɗora bulo. Duk bulon da ke wurin, kusan zan iya tuna rigar da na ɗinka kafin a saye shi.

Gini ya mayar da ni rabin injiniya. Na koyi cewa ba a ajiye siminti a ƙasa sai a kan katako, in ba haka ba sanyi ya daskarar da shi. Na koyi cewa sabon bulo sai ya sha ruwa mako guda kafin a ɗora shi, kuma bututun ruwa da na wuta ana binne su ne kafin filasta, don kada a dawo ana farfasa bango. Ni ce na kafe a ɗaga fandisho ya fi titi tsawo da layin bulo uku, saboda ban manta da katifar nan ba. Wanda ya ɗaga gida haka dole ya yi masa matakala a ƙofar shiga, kuma a zane guda uku ne.

Birkilanmu wani dattijo ne da kowa ke kira Ba-Matsala, don ko rufi ne ya faɗo abin da zai fara cewa ke nan. Na ƙwala masa kira.

"Ba-Matsala, wannan ƙofar ta mutum ce ko ta saniya?"

"Ba matsala, Hajiya."

"Akwai ta kuwa. Inci shida ka ƙara. Wa ya sa ka?"

Ya ture hula ya sosa ƙeya, yana kallon cokalin gininsa kamar yau ya fara ganinsa. "Malam ne ya ce."

Na bi gidan ɗaki ɗaki da tef. Ƙofar ɗakin kwana, talatin da shida. Ta kicin ma haka. Ramukan makunnin wuta sun sauko daidai ƙuguna maimakon kafaɗa. A banɗaki babu ɗan tudun nan da ake yi a bakin ƙofa don tare ruwa, sai dai an karkatar da daɓen zuwa magudana, kuma an kafa wasu ƙarafa biyu a bango gefen masai. Da na fito waje na duba inda matakalata za ta zauna, sai na tarar an zuba jar ƙasa an daddaɓe ta ta yi gangara.

Da yamma na sami Malam a falo yana duba littattafan ɗalibai. Na ajiye masa tef a kan littafin.

"Malam, gangarar me ake yi min a ƙofar gida?"

"Saboda babur ne. Da baro, in za a shigo da kaya."

"Babur ɗin da ka sayar watan jiya?"

"Ai za a sayi wani."

"To. Shi babur ɗin har banɗaki zai riƙa shiga?"

Ya yi dariya ya ce, "Tela ke nan." Amma bai ɗago ya kalle ni ba, kuma jan biron da ke hannunsa ya tsaya a wuri ɗaya bai motsa ba. Shekara goma sha shida muna tare, na san dariyarsa ta gaske, kuma wannan ba ita ba ce.

Ran Laraba da azahar na rufe shago ba shiri, na tafi wurin ginin wai zan ba filasta ruwa. Tun daga nesa na hango wata farar mota a ƙofa. Na laɓe a bayan tulin yashi, ni da girmana. Ta taga na ga Malam da wani mutum mai tabarau suna tafe a hankali cikin lungun da ya haɗa ɗakuna. Mutumin ya buɗe hannuwa yana gwada faɗin wurin, ya leƙa banɗaki, ya jijjiga ƙarafan nan, ya gyaɗa kai.

"Haka ya yi," in ji shi. "In lokacin ya zo, ba sai an sake taɓa komai ba."

Nan take na gane shi. Likita ne, mai ɗan asibitin nan na bayan kasuwa. Bara ni na ɗinka masa labulaye, ni na auna ƙofofinsa da hannuna, kowace inci talatin da shida. Akwai gangara a mashigar asibitinsa. Akwai ƙarafa a banɗakinsa. Kuma na tuna ranar yana ƙorafi wurin ya yi masa kaɗan, yana neman inda zai koma. Wato da guminmu ake gina wa likita asibiti, ni kuma in ci gaba da zaman haya har furfura ta gama cinye min kai.

Ina komawa gida na janyo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, inda muke ajiye takardu. Takardun haihuwar yara suna nan, na makaranta suna nan. Takardar fili babu. Na zazzage akwatin sau biyu, sannan na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata.

Ban yi wa Malam magana ba. Wanda ya iya cewa babur ne, zai iya ƙirƙiro wani abin, kuma na gaji da jin ƙarya daga bakin da ban saba jin ta ba. Na zuba masa ido kawai. Na ga ya daina zuwa wurin ginin a ƙasa, sai a tasi. Na ga yana fita da waya tsakar gida in za a kira shi. Duk abin da ya yi, sai in ɗora shi a kan wancan lissafin, kuma ya zauna daram.

Mako na zagayowa aka tura shi wani gari duba takardun jarrabawa, kwana biyar. Motarsu na tashi na nufi wurin Ba-Matsala.

"Kwashe min ƙasar nan. Matakala uku nake so, kamar yadda yake a zane. Masu tsawo. A sa musu tayil mai sheƙi."

Tun da na san mutumin nan, ranar ce kaɗai bai ce ba matsala ba. Ya ajiye cokali ya ce, "Hajiya, don Allah a jira Malam ya dawo."

"Gidan na Malam ne shi kaɗai?"

"A'a. Amma tayil mai sheƙi a waje, in ruwa ya taɓa shi santsi gare shi. Ko mai lafiya sai ya..."

"Ko mai lafiya sai ya me? Marasa lafiya nake gina wa gida? In ba za ka yi ba, faɗa min, birkiloli ba su ƙare a gari ba."

Ya daɗe yana kallona, bakinsa yana motsi kamar zai ce wani abu. Ni kuwa na karanta kallon a matsayin na wanda aka kama da hannu a cikin maƙarƙashiya. Ya ɗauki shebur. Kafin rana ta faɗi matakala ta tsaya, na sa ya ƙara siminti a kwaɓin har yana cewa ɓarna ce. Kwana huɗu ina zuwa safe da yamma da bokiti ina ba ta ruwa da kaina, don ta yi ƙarfin da duk mai son fasa ta sai ya ji a jikinsa.

Malam ya dawo ran Juma'a. Asabar da safe na ce ya zo mu je ya ga aiki. Muka sauka daga tasi, na yi gaba da sauri na haye matakalar, na juyo na riƙe ƙugu. Tayil sai ɗaukar ido yake yi.

"Bismillah, Malam. Shigo gidanka. In kuma na likita ne, sai ka faɗa min yanzu."

Ya tsaya yana kallon matakalar. Na zaci zai yi faɗa, har na shirya amsa. Sai kawai ya matso. Ya ɗora ƙafar dama a ta farko. Ta hagu ba ta biyo ba. Na ga ya sa hannu a ƙarƙashin gwiwarsa ya ɗago ta kamar mai ɗaga buhu. A ta biyu kan takalminsa ya harɗe da bakin tayil, ya tafi gaba ɗaya ya durƙushe, gwiwarsa ta bugu har na ji ƙarar. Kafin in motsa Ba-Matsala ya riga ya iso ya tallafe shi, don tun saukarmu daga mota ya ajiye aikinsa ya matso kusa.

A nan idona ya sauka a kan wandonsa. Bakin ƙafar hagu ya zaizaye, zare duk ya fito. Sau uku ina kalmashe wannan wurin a watannin nan, sau uku ina zagin mai yadi cewa ya sayar mana da ruɓaɓɓe. Ta dama kuwa ko gezau. Kan takalmin hagu ma ya cinye ya yi fari. Ni da nake gane inci shida a jikin bango daga nesa, mijina yana jan ƙafa a gabana ban gani ba.

Na sauko na zauna kusa da shi a kan matakalar.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas," in ji shi. "Jijiya ce. Likita ya ce a hankali take tafiya, amma ba ta komawa baya. Shekara ɗaya, in Allah ya taimaka biyu, sai keken guragu."

"Shi ya sa ka sayar da babur."

"Ƙafar ta daina taka giya."

"Kuma ka rasa wanda za ka faɗa wa sai birkila?"

"Shi ma ba faɗa masa na yi ba, gani ya yi." Ya shafa gwiwarsa. "Tela, na san ki. Da na faɗa miki, a ranar za ki tsayar da ginin nan, ki sayar da fili da keken ɗinki ki bi asibitoci da ni. Ƙafar ba za ta dawo ba, gidan ma ya tafi. Na ce bari a rufa kwano mu tare tukuna."

Gaskiya ya faɗa, abin da zan yi ke nan ba ragi.

"Takardar fili fa?"

"Tana ofishin filaye. Ana mayar da ita sunanki. Ban so wata rana wani ya buga miki ƙofa ba."

Na so in rufe shi da faɗa, na so in ba shi haƙuri, ban iya ko ɗaya ba. Sai na yi abin da na iya. Na share fuska da gefen mayafi, na zaro tef, na shiga ciki. Na sake bin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Duk sun yi, sai guda ɗaya a ƙarshen lungu, ta ɗan ɗakin da na ware don ɗinki. Ita inci talatin ce cif.

"Ba-Matsala! Wannan fa, me ya sa aka bar ta?"

"Malam ya ce ɗakinki ne, kada a taɓa miki."

"A fasa ta. In ba zai iya shigowa ba, wa zai riƙa zama yana cika min kunne da labarin ɗalibai ina ɗinki? Tayil mai sheƙin da na sayo wa banɗaki ma a mayar wa mai shago, a karɓo mai kaushi."

"Ba matsala, Hajiya," in ji shi.

Na fito na sa ya kawo wa Malam kujera a inuwa, sannan na ce ya miƙo min babbar guduma. Ya ce in bari shi zai yi. Na ce ni na sa aka gina, ni zan fara. Na ɗaura mayafi a ƙugu, na ɗaga gudumar da hannu biyu na sauke ta a kan matakala ta sama. Tayil ya tarwatse, amma simintin ko tsagewa bai yi ba, don na ba shi ruwa yadda ya kamata.

Daga inuwa Malam ya ce, "Tela, aikinki akwai ƙarko."

Wannan karon dariyarsa ta gaske ce. Ban juya ba, don kada ya ga fuskata. Na sake ɗaga gudumar.