Safar Hannun Baba

Da bugun jini ya shanye wa Baba hannun dama, shagonsa na gyaran agogo ya zama ɗakin ajiyar ƙura. Shekara talatin yana tsintar kusoshin da ido ma da kyar yake gani, sai ga shi ni nake ba shi shayi a baki.

Wata uku bayan haka aka sa shi cikin wani bincike a asibitin koyarwa. Likitar da ke jagorantar aikin ta nuna mana wata safar hannu ta roba mai taushi, wadda ta ce sun kwaikwayo daga hancin giwa. Tana lanƙwasa yatsu a hankali, tana miƙe su.

"Ƙwaƙwalwa kan buɗe sabuwar hanya idan tsohuwar ta toshe," in ji ta. "Amma sai an yi ta maimaitawa, kuma watannin farko su ne masu muhimmanci."

Ni na kama babban yatsan Baba na dangwala masa a takardar yarda. Mako goma sha biyu, awa ɗaya kullum a ɗakin gwaji.

To, mutumin da aka ce masa maimaitawa ce magani, me ake so ya yi in ya koma gida? Ya zauna yana kallon bango? Baba ya sa na ɗauko masa gwangwanin kusoshi daga shago. Bayan la'asar yakan zauna yana kwashe su ɗaya ɗaya da hannun daman zuwa murfi, yana zufa, yana mita.

A mako na shida Likita ta auna shi sau biyu, ta ɗaure fuska.

"Baba, kana wani motsa hannu a gida ne?"

Bawan Allah har da murmushinsa. "Kullum, 'yata. Jiya kusa arba'in na kwashe."

Ta ajiye biro. Wai shafi na bakwai na takardar yarda ya hana duk wani atisaye a waje. Wai yanzu ba za su san ko safar ce ta yi aiki ko kusoshin ba. Baba ya ɓata musu lissafi, dole a cire shi, ya sa hannu a takardar fita, safar kuma ta koma akwati.

Raina ya ɓaci, na ce, "Wato laifinsa ya samu sauƙi da wuri? Ku bar masa makonni shidan da suka rage mana, ku goge shi daga lissafin naku."

"Doka ba ta yarda a sa wa wanda ba ya cikin bincike safar ba."

"Bar ta, uwata," in ji Baba. "Kawo takardar."

Na miƙa hannu zan kama yatsansa kamar wancan karon, ya ture ni. Ya ɗauki biron da hannun dama. Ya fi minti biyu yana ja, layin na karkacewa, amma sunansa ne, har da 'yar lanƙwasar da yake yi a ƙarshe. Na kau da kai don kada ya ga hawayena.

Likita ta jera takardun biyu, dangwale a hagu, sa hannu a dama, ta zaro waya.

"Wannan zai yi kyau ƙwarai a taron da za mu je. Ba damuwa in ɗauki hotonsu?"

Na kifa tafina a kan takardun.

"Wanda ba ya cikin bincike ne ya rubuta," na ce. "Doka ba ta yarda ba."