Baitin da Suka Tsallake

Bayan sun tashe mu 'yan haya, suka gyara benen, suka rubuta waƙar marigayiya matata a bangon shiga da ruwan zinariya. Sun iya zaɓe. Suka ɗauki baitin tantabaru a taga, suka tsallake na ɓeraye da mai gidan da ba ya ba baƙar fata ɗaki mai iska.

Na je da gawayi in cika musu.

Mai gadi, baƙi kamar ni, ya riƙe hannuna. "Baba, rufa mini asiri. Kai gida za ka, ni korata za a yi."

Don irinsa ta yi baitin. Na mayar da gawayin aljihu, na tsaya ina karanta rabin maganar matata.