Hanyar Kudu

Ina kwashe shanya na jiyo muryar Lorene, maƙwabciyata, daga tsallaken shinge. Tana tsaye a gaban a-kori-kurar mijinta, ta dafa ta da hannu biyu.

"Sai dai ka bi ta kaina, Delbert."

"To kwanta da kyau, tsohuwa, kada ki fasa min taya."

Shekara arba'in Delbert Hruska yana bin hadari. Ba don hoto ba, irin na samarin da ke cika mana tituna duk watan Mayu. Shi yakan fita yamma da gari ya tsaya inda zai ga gindin hadarin, in guguwa ta sauko ya kira Orville na ofishin kwana-kwana ta rediyo, a kunna jiniya, kowa ya shiga ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa. Tun kaka yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, likita ya hana shi tuƙi, bai sake fita wajen gari ba.

Ya hango ni ya ɗaga hula.

"Malama, ke da kika iya da yara masu taurin kai, zo ki janye min wannan."

"Akwai samari a waje, Del," na ce. "Bar su su duba."

"Masu kallon waya? Sai ta ɗauke musu hula sannan wayar ta gaya musu ta iso." Ya sassauta murya. "Wurina na kullum zan tsaya, mararrabar gonar Pankratz. Hancin mota kudu, inji a kunne. Ina ganinta in kira Orville, in miƙe kudu mil uku, shi ke nan. Ko ido a rufe na san hanyar nan."

"Ai a rufen yake," in ji Lorene.

Amma ta matsa, ya ja motarsa ya tafi. Iska ta tsaya cak, sararin yamma ya yi wani kore-kore, alamar guguwa, ita ma ta gani.

Ƙarfe biyar saura muka sauka ɗakinsu na ƙasa, ni da ita, tsakanin kwalaben tumatir da ta adana. Ta ɗora ƙaramin rediyonta a kan akwati. Rediyon na sauraro ne kawai, ba a magana da shi.

"Orville, gindin yana juyawa," muka ji Delbert. "Ga ta nan, ta taɓa ƙasa. Babba ce. Kunna."

Jiniya ta ɗauka. Lorene ta sauke numfashi.

"An gode, dattijo," in ji Orville. "Yanzu bar wurin."

"Na kama kudu."

A nan na tuna. A watan Janairu na kai wata ɗalibata gida ta wannan hanyar, dole na juyo. An sayar da gonar Pankratz, masu shanun da suka saya sun gitta ƙofar ƙarfe da sarƙa a tsakiyar hanyar. Da idona na gan ta. Ɗazu a bakin shinge ya faɗi sunan wurin, ni kuwa hankalina yana kan idonsa.

Na ciro wayata na kira shi. Muka ji tasa tana ƙara a samanmu, kan teburin kicin.

"Mene ne?" in ji Lorene.

Rediyon ya riga ni amsawa.

"Orville, wa ya sa ƙofa a nan?"

"Wace ƙofa? Juyo, Del."

"Gefen duk taɓo ne. Bari in gwada." Muka ji inji yana kuka, taya tana juyawa a banza. "Ta kafe. Saurara, kada ka kashe jiniyar. Ta karkato, unguwar kudu za ta bi, ba arewa ba. A gaya wa na gidajen tirela su fito, ba su da ɗakin ƙasa."

"Fita ka kwanta a kwalbati, dattijo."

"Da wannan gwiwar?" Har ya ɗan yi dariya.

Daga nan sai shuuu. Orville ya yi ta kiran sunansa. Lorene ta miƙa hannu ta rage murya, ba ta kashe ba.

Guguwar ta kwashe gidaje goma sha ɗaya a unguwar kudu, ba wanda ya mutu a cikin gari. Shi kuwa washegari aka same shi, motar tana kife a cikin alkama, nesa da hanya.

Bayan jana'iza mata suka yi ta kawo abinci, tiren taliya da nama, da kek, har teburin ya cika. Da suka watse na tsaya taya ta kintsawa, na gaya mata zancen ƙofar, ban rage komai ba. Ta daɗe tana goge cokali ɗaya.

"Na ji, Malama," ta ce. "Buɗe min firiza, abincin nan zai lalace."

Babu wuri a ciki. Ledoji ne jere, cike da ƙanƙarar da ya tsinto daga hadari daban-daban, kowace da shekararta a rubuce da hannunsa. Wasu kamar ƙwai, ɗaya ta kai lemo.

"Fitar da su," ta ce.

Na juye su a babban kwanon wanke-wanke, muka jera abincin a gurbinsu. Ta ja kujera ta zauna kusa da kwanon, hannuwanta a cinya. Lokacin da na ɗauki jakata, ƙananan sun narke, babbar tana yawo a hankali a kan ruwan.