Murhu Mai Duwatsu Biyu

Shekara biyu ke nan Gidaɗo bai ji ɗuriyar mahaifiyarsa ba, tun da farin 1984 ya tarwatsa rugagen arewacin Tawa. Wasiƙa huɗu ya aika daga Alƙahira, shiru.

Ran Alhamis Hassumi, abokin ɗakinsa a unguwar Darrasa, ya fizge littafin da ke hannunsa.

"Yalla, ustaz, karatun ya isa. Wata 'yar Yamai ta zube talabijin bakwai kan yashi a wani ɗakin nuni a Wustul Balad, can tsakiyar gari, wai fasaha ce. Mu je mu yi dariya."

Da suka shiga ɗakin, dariyar ta gagara. Babu mutum ko ɗaya a hotunan, sai kufai: inda aka tashi aka bar toka, turakun maruƙa, shatin bukka a ƙasa. Kufai ya ɓace a wannan akwati ya ɓullo a wancan, kamar gidan ne da kansa ke tafiya. Iska na kuka a lasifika. Gidaɗo ya ji kamar yana shaƙar hayaƙin kashin shanu.

Sai ya daka tsalle.

"Tsaya! Malama, don Allah mai da shi baya!"

Azara, 'yar Yamai ɗin da ta ɗauko hotunan, ta harare shi. "Malam, ba a tsai da shi. Haka aka tsara."

"Murhun can duwatsu biyu gare shi!"

"To? Na ga irinsa sau uku. Na ɗauka yara ne suka yi wasa."

"Ba yara ba ne. Inna ce. Duk inda muka tashi, sai ta ɗauke dutse guda ta kai sabon masauki. Har faɗa suke da Baffa, wai tana kashe jaki a banza."

Azara ta kashe na'urar, ta zaro kaset. Ta duba rubutun jikinsa.

"Na ƙarshen, gabas da Abalak ne. Wata biyu da suka wuce." Ta ɗago. "Na sa hannu a tokar, Malam. Da ɗuminta."

Gidaɗo ya durƙusa kan yashin, ya dafa gilashin talabijin ɗin.

"Ikon Allah," in ji Hassumi a hankali. "To na ukun fa?"

"Yana ƙarƙashin tukunyarta," in ji Gidaɗo.