Jinin Sanobar

Sanobar tana matse zanen gado a bayan asibiti aka ƙwala mata kira ta taga, wai ta zo da gudu, ciwon mai gado na tara ya ɓalle. Ta saki zanen cikin baho ta ruga, hannuwanta duk kumfa. Ba sai an gaya mata ko wane ne ba. Normat ne, saurayin da aka sa musu rana da shi kafin yaƙi ya kwashe samarin garinsu Kokand ya kai su bakin daga a ƙasar Rasha.

Sati uku ke nan da jirgin ƙasa ya dawo da shi da rauni a cinya, aka kwantar da shi a wannan makaranta da soja suka mayar asibiti, inda ita take aikin jinya shekara ta biyu, da kaki a ƙarƙashin farar riga. Har ya fara takawa da sanda, har ya sami bakin tsokanarta wai allurarta ta fi harsashin Jamus zafi. Yau kuma jijiya ta fashe ta ciki.

Ko da ta shigo, likita Manjo Vera ta riga ta ɗaure jijiyar, amma katifa ta jiƙe sharkaf, leɓunan Normat sun yi fari fat. Mahaifiyarsa, Inna Kumri, wadda ta zo dubiya, tana raɓe jikin allon ajin.

"Jini yake buƙata, yanzun nan," in ji likita. "Kwalaben jinin da muka ajiye, masu raunin da jirgin safe ya kawo sun cinye su. 'Yan mata biyu masu irin nasa na ɗebi nasu ɗazu, in na ƙara sai in kwantar da su su ma. Ke naki yana shiga jikin kowa. Naɗe hannun riga."

Sanobar ta fara naɗewa. Sau shida tana ba da jini a asibitin nan, ba ta taɓa tambayar sunan mai karɓa ba.

"Tsaya, 'yar nan," Inna Kumri ta riƙo mata gwiwar hannu. "Jininki za a ɗura masa?"

"Eh, Inna. Ba wani ciwo, bai wuce kofi biyu ba."

"Wa ya tambaye ki ciwo? Nono ma da jariri zai tsotsa ya haramta aure har abada, balle jini. In naki ya gauraya da nasa ai kun zama wa da ƙanwa. Wa zai ɗaura wannan auren?"

Mu yanzu mun sani ba haka abin yake ba, ƙaramin ɗalibi ma zai gaya maka nono daban, jini daban. Amma a shekarar nan wa za a tambaya? Masallacin unguwarsu hukuma ta mayar da shi rumbun auduga, limamin da ya raɗa wa Normat suna an tafi da shi tun kafin yaƙi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya rage na addini yana hannun tsofaffin mata, su kuwa inda duk suka yi shakka sai su ɗauki mafi tsanani. Sanobar ta yi karatun jinya, ta san rukunin jini huɗu da sunayensu, amma maganar tsohuwar ta sa gabanta ya faɗi, don ita ma a hannun kaka ta tashi.

Normat ya buɗe ido da ƙyar. Ashe yana jin su.

"Kar ki yarda, Sanobar. Shekara biyu ina kwana a rami da kwarkwata, ba don in dawo in sami ƙanwa ba. Ƙanne huɗu gare ni, sun ishe ni."

"Yi shiru, Normat, kana ƙarar da ƙarfinka."

"A nemo wani. Ko mai gadi. Ko jakin mai gadin ma na yarda."

Ba wanda ya yi dariya. Likita ba ta jin yarensu sosai, ta tambayi abin da ake ja-in-ja a kai, Sanobar ta mayar mata da harshen Rasha.

"Ban san wannan doka ba, kuma ba ni da lokacin koyonta," in ji likita. "Kafin a nemo wani a gwada jininsa, rabin awa ta wuce. Shi kuma ba shi da rabin awa. Ba zan tilasta miki ba, amma ki yi sauri."

Sanobar ta juya wajen tsohuwar ta rage murya. "Inna, in an yi, wa zai sani? Daga mu sai likita."

"Allah fa?"

"To ke ki faɗa. Ɗanki ne."

"Ni kuwa me zan ce?" Inna Kumri ta fashe da kuka. "Ɗakinku har na shafe shi da farar ƙasa. Ina son ki shigo gidana amarya, ina son ɗana da rai. Kar ki sa ni zaɓa, 'yar nan, don girman Allah."

Tsoro ya cika Sanobar, da haushin da ba ta san wanda za ta ɗora wa ba. Ta kama wuyan hannun Normat, ta laluba, ta sake lalubawa kafin ta ji bugun, can ƙasa-ƙasa kamar ɗigon ruwa daga tulu mai yoyo. Ta ja bencin 'yan makaranta kusa da gadon, ta kwanta, ta miƙa hannu.

Normat ya yi yunƙurin janye nasa, likita ta danne shi da tafin hannu ɗaya, don ƙarfin da ya rage masa bai fi na kaza ba. Ya juya fuska ga bango. Likita ta riƙa zuƙa daga hannun Sanobar da babban sirinji tana tura masa, Sanobar kuwa ta kafa wa rufin ɗakin ido, hawaye na gangarawa cikin kunnuwanta. Ba ta ko share su ba.

Wajen la'asar jini ya dawo masa a leɓe. Sanobar ta zo duba shi, jiri na ɗibarta, ta tsaya daga ƙafar gado kamar yadda ta saba, don duk satin ukun nan kunyar surukarta ba ta bar ta ta matso ba sai da dalilin aiki.

Inna Kumri ta gusa ta bubbuga gefen katifar. "Zo ki zauna nan, 'yata. Yanzu ai ba sauran kunya tsakaninku."

Ta zauna. Normat ya daɗe yana dubanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Sannu, ƙanwata," in ji shi.

Ya miƙo hannu, ta karɓa. Karon farko ke nan da ta riƙe shi ba don duba bugun jini ba, a gaban mahaifiyarsa da sojoji ashirin, kuma ba wanda ya ga aibi.