Shekarun Bindigar Attaher

Na gama kwaleji shekarar da kamfanin ma'adini ya fara sallamar ma'aikata, don haka ko takardar neman aiki ban kai ba. Na kafa tebur a kasuwar Arlit, kusa da masu facin taya. Ina gyaran agogo, ina tara tsofaffin kaya. Turawan da suka koma gida sun bar wa kukunsu da masu gadinsu kwat da agoguna, su kuma da abinci ya yi wuya sai su kawo mini.

Ba ni da yawan magana. Abin da nake so shi ne in riƙe abu in faɗi shekarunsa. Kwat mai faɗin kwala kamar kunnen jaki ta shekarun saba'in ce, lokacin da garin nan ke cin nama kullum. Agogo kuwa bayansa za ka buɗe, duk mai gyaran da ya taɓa shi ya karce shekara a ciki.

Abu ɗaya ya gagare ni, bindigar Baba Attaher.

Tsoho ne Ba'abzine. Farin tamanin da huɗu ya cinye raƙumansa, ya sauko daga duwatsu ya kama garka a bayan gari, yana noman tumatir da latas. Bindigar ta kakansa ce, doguwa, mai cin harsashi ɗaya. Tana rataye a bukkarsa, tsatsa ta lulluɓe ta kamar ɓawon itace. Na san irin waɗannan ana buga musu shekara a gindin bututu. Kowace Juma'a nakan je da gilashina na ido ɗaya in duba, ba na ganin komai.

"Baba, bar ni in kankare wurin nan kaɗan."

"A'a, Zayyadu. Bindigata tsohuwa ce, ba a taɓa fatar tsoho. Sha shayi."

"To ka sayar mini."

"Sayar mini da kakanka tukuna."

Shekara biyu muna haka, kuma ban gaji ba.

A casa'in da biyu tawayen Abzinawa ya yi zafi. Aka rufe hanyar Agadas sai da rakiyar soja. Wata Laraba aka yi shela cewa gobe za a bi gida-gida neman makamai, wanda aka samu da bindiga mai aiki sai bariki. Na rufe tebur na tafi garka.

"Baba, ka bar ta yadda take. Wanda ya ga tsatsar nan dariya zai yi ya wuce."

Ya ce ya ji.

Da hantsi ranar Alhamis sai ga Dassin, 'yarsa, a gaban teburina, mayafinta a hannu saboda gudu.

"Zayyadu, taso. Za su tafi da Baba."

"A kan wannan ruɓaɓɓen ƙarfen?"

"Jiya da ka tafi ya zauna da yashi da man akuya har magariba. Wai baƙi za su shigo, ba za su ga kayan kakansa da dauɗa ba."

Na ɗauki gilashina muka tafi.

Na tarar da kamiyo, babbar motar soja, a bakin garka. Baba Attaher na zaune a ƙasa, rawaninsa daidai, soja biyu a kansa. Sarjan ɗin, wani dogo mai furfura a gefen kai da suke kira Zakariya'u, yana riƙe da bindigar. Da ƙyar na gane ta. Tana walƙiya kamar jiya ta fito daga maƙera.

"Kai kuma wane ne?" in ji Sarjan.

"Mai agogo ne, ranka ya daɗe."

"Agogon wa ya tsaya a nan?"

Sojojin suka yi dariya. Na ce ni dai shekarun kaya na iya faɗa, bindigar nan kuma ta girmi duk wanda ke tsaye a wurin.

"Haka kowa ke cewa. Mutum ba ya shafa wa gawa mai har ta yi sheƙi haka. Wannan ana harbi da ita."

"A ba ni in duba, minti ɗaya."

Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya miƙo mini.

Na sa gilashi a ido na sunkuya kan gindin bututun. Yashin Baba ya cinye tsatsar duka. Ga lambobi huɗu a jere, ƙanana, tsaf. Shekara biyu ina nemansu. Har na manta da sojojin.

"Dubu ɗaya da ɗari takwas da saba'in da takwas," na ce. "Shekararta ɗari da sha huɗu."

Sarjan ya karɓi gilashin, ya kasa maƙala shi a ido, ya riƙe da yatsu. Ya daɗe yana kallo.

"Lamba ce kawai. Tsohuwa ma tana kisa."

"In ta sami abinci. Harsashinta na baƙin albarushi ne, kauri kamar babban yatsa, an daina yinsa tun kafin a haifi Baba. Ranka ya daɗe, sa mata naka ka gani."

Ya zare harsashi ɗaya daga ɗamararsa, ya ja sakatar bindigar baya, ya jefa shi ciki. Harsashin ya shige yana lilo kamar ƙafar yaro a takalmin babansa. Ya karkata ta, ya faɗo kan yashi.

Wani soja ya ce, "Sarjan, wannan ai kakarka ce, gaishe ta."

"Rufe mana baki."

Amma shi ma murmushi yake yi. Ya juya ga Baba Attaher.

"Tsoho, me ya kai ka goge ta?"

"Kai in baƙo zai zo gidanka, ba ka wanke fuska?"

Sarjan ya girgiza kai. Ya ce umarni umarni ne, ba zai bar bindiga cikakkiya a bukka ba, wani ayarin na iya zuwa bayansa wanda ba shi da haƙurin duba lamba. Ya sa na kwance sakatar da sukudirebata.

"Tsoho ya riƙe itacensa da bututunsa. Kai mai agogo, wannan ƙarfen yana wurinka. In na ga sun haɗu kafin a yi sulhu, ku biyu zan ɗauka."

Kafin ya hau kamiyo ya kwance agogonsa ya ce yana jinkirin minti goma, in duba, zai aiko gobe.

Baba ya tashi ya kakkaɓe rigarsa. Bai yi mini godiya ba. Ya ce wa Dassin ta hura gawayi.

Sakatar tana cikin akwatina, a naɗe cikin wata kwat ta saba'in da uku. Yanzu shi ke zuwa kasuwa kowace Juma'a, da butar shayinsa da tumatir biyu uku. Sai ya zauna a bencina ya ce in fito da ita. Ya juya ta, ya hura mata iska, ya mayar mini.

"Kar ka bari ta yi tsatsa, Zayyadu."

"Baba, da ma ka bar ni na kankare tun bara."

"Sha shayi."